Abin da Ɓerayen Samaru Suka Sa Na Faɗa wa Yayana

Shekarun baya, lokacin ina karatun digiri na biyu a Samaru, akwai tambayar da mahaifiyata ba ta son a yi mata a bakin coci: "Wai me 'yar taki take karantawa ne?" Sai ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Fannin lafiya ne," ta yi maza ta sako wata maganar. Ban taɓa ganin laifinta ba. Ta yaya mace mai mutunci, wadda ke ba da waƙa a zumuntar mata, za ta buɗe baki ta ce 'yarta budurwa tana tashi da sassafe daga Muchia, ta hau bas har Samaru, don ta je ta wuni tana leƙen marainan ɓera?

Amma aikin nawa ke nan, ba ƙari ba ragi. Bari in ɗan yi muku bayani, don in ba haka ba labarin ba zai zauna ba.

A cikin marainan namiji, ɓera ne ko mutum, akwai wasu siraran bututu a nannaɗe kamar taliya. A jikin bangonsu ne ƙwayoyin haihuwa suke tsirowa. To, waɗannan ƙwayoyi ba sa iya girma su kaɗai. Akwai wasu manyan ƙwayoyin halitta da ke tsaye a tsakaninsu, suna riƙe da su, suna ciyar da su, suna kare su har su nuna. Suna da sunansu na Turanci, amma dattijon da ke kula da ɗakin gwajinmu "masu reno" yake ce musu, ni ma na ɗauka a bakinsa. Kafin masu renon nan su yi aikinsu, sai sun riƙa sarrafa wani sinadari da ake kira RNA. Abin da malamina ya ba ni in bincika shi ne, in zafi ya yi wa ɓera yawa a wannan wuri, me ke faruwa da masu reno, da RNA ɗin da suke yi, da ƙwayoyin da suke goyo.

Sai mu sa wa ɓera maganin barci, mu tsoma ƙasan jikinsa cikin ruwan ɗumi na ɗan lokaci, mu mayar da shi keji. Bayan kwanaki a ciro naman, a daskarar da shi cikin kaki, a yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, a shimfiɗa a kan gilashi, a zuba rini. Rinin nan yana da dabara: duk inda RNA yake sai ya yi ja, cibiyar ƙwayar kuma ta yi kore. Daga nan sai in zauna gaban madubin ƙara girma in yi ta duba har idona ya fara ruwa.

Kada ku ɗauka jaruma ce ni. Ranar da na fara kama ɓera, ya juyo ya dasa mini haƙori a yatsa, na kurma ihun da ya sa 'yan ajin da ke maƙwabtaka da mu suka leƙo. Dattijon nan ya ce, "'Yata, a ƙeya ake kama shi, ba a ciki ba. Ba jariri ba ne." Ya kuma gargaɗe ni kada in raɗa musu suna. Na raɗa wa guda huɗu. Ranar da aka zo yanka su na shiga banɗaki na sha kukana, na fito na ce mura ce. Warin kejin kuwa ya kama mini kaya, har in na shiga bas a Kwangila sai in ga na kusa da ni yana matsawa a hankali.

Duk da haka aikin ya shiga raina. Ranar da na fara ganin bambancin da idona ba zan manta da ita ba. A ɓerayen da ba a taɓa ba, bututun a cike yake maƙil, ƙwayoyi jere-jere, masu reno jajur. A waɗanda suka sha zafi kuwa, bututun ya yi fayau kamar kasuwar da aka tashi, masu reno na nan tsaye amma launinsu ya dushe. Waɗanda muka bari suka huta na makonni kuma, sai ga jan ya dawo, ƙwayoyi sun fara tsirowa. Na yi ta murna kamar ni na halicce su. Daga ranar na fara jin kaina wata babbar masaniya. A nan matsalar ta fara.

Ina da wa guda ɗaya, ya girme ni da shekara takwas. Tun da mahaifinmu ya rasu shi ne uba a gare ni. Shi ya raka ni makarantar kwana da akwati a kansa, shi ya je ya tsaya a layi ya karɓo mini takardar shiga jami'a. A wani gidan burodi yake aiki a Jushi, kuma shi ne mai bakin tanderu. Wanda ya san gidan burodi ya san wannan ba ƙaramin matsayi ba ne. Shi ke sanin lokacin da wuta ta yi daidai ba tare da wani ma'auni ba, hannu kawai zai miƙa ya ce a zuba. Shekara da shekaru yana tsaye a gaban wutar nan.

Matarsa malamar firamare ce a wajen Basawa. Anti nake ce mata. Mace ce mai sanyin magana, in tana dariya sai ta rufe baki da hannu. A lokacin da nake ba ku labari sun shekara bakwai da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba.

Ba zan yi wa mahaifiyata ƙarya ba, tana ƙaunar surukarta. Ba ta taɓa zaginta ba, ba ta taɓa ce wa yayana ya sake ta ba. Amma ƙaunar ce ta zama wa Anti kaya. Yau a kai ta gidan addu'a, gobe a ce ta yi azumin kwana uku, jibi a kawo sauyoyi daga ƙauye. Duk wadda ta ce ta san wani magani, sai Mama ta karɓo. Anti kuwa ta sa hannu biyu ta karɓa, ta ce, "Na gode, Mama." A duk shekarun nan ban taɓa jin wani ya ɗaga ido ya kalli yayana ba. Ni kaina ban taɓa kawo shi a raina ba, sai da na ga bututun ɓerayena sun yi fayau. Ina kan madubi ne tunanin ya faɗo mini: zafi. Tanderu. Yaya.

Na riƙe abin a ciki kusan mako biyu, ina jin sa kamar garwashi a tafin hannu.

Al'adarmu ce duk ranar Lahadi bayan an taso sujada mu ci abincin rana a gidan Mama. Wannan Lahadin akwai baƙuwa, wata ƙawar Mama ta zumunta, irin matan nan da in suka ji magana da rana, kafin yamma ta kai Tudun Wada. Mun gama cin shinkafa ke nan sai ta jawo jakarta ta fito da wata jarka cike da baƙin ruwa.

"'Yata, ga shi. Safe da yamma, rabin kofi. Yana da ɗaci, amma wadda ta ba ni ta ce ko dutse ne a mararki sai ya narke."

Mama ta ce, "Ki fara yanzu mana, a gabanmu, mu sa albarka."

Anti ta ɗauko kofi ta tsiyaya. Warin kaɗai ya isa ya tayar wa mutum da zuciya. Na ga ta runtse ido ta kai baki, na ga maƙogwaronta yana kokawa da abin, hawaye ya taru a gefen idonta. Yayana na zaune yana kallon ƙasa, yana wasa da makullin babur.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Wai don Allah sai yaushe za a daina ɗura mata wannan abin? Wa ya ce matsalar daga wajenta take? Shi Yaya an taɓa gwada shi? Mutumin da ya wuni a bakin wuta shekara goma sha wani abu! Zafi yana kashe ƙwayoyin haihuwar namiji, ni na gani da idona a jikin ɓeraye!"

Baƙuwar ta kama haɓa. Mama ta ce, "Ke! Kina da hankali kuwa?" Ni kuwa maimakon in ja bakina, sai na ƙara da bayanin bututu da masu reno, ina kwatantawa da hannu kamar ina gaban aji.

Yayana ya miƙe a hankali, ya sa takalmansa, ya fita. Muka ji ya tayar da babur. Ko matarsa bai jira ba.

Na zaci Anti za ta gode mini. Allah ya sani, har na shirya fuskar da zan karɓi godiyar da ita. Da ta tashi tafiya na ce bari in taka mata zuwa bakin titi. Muna shan kwanar layinmu ta tsaya, ta juyo ta dube ni da wani irin kallo da ban san tana da shi ba.

"Kin ɗauka ban sani ba?"

Na ce, "Anti, me?"

"Shekara uku ke nan da na gama duk gwajin da ake yi wa mace. Likita ya ce bai ga komai ba, in kawo mijina. Shekara uku ina neman ƙofar da zan bi in gaya masa ba tare da na karya shi ba. Ke kin zo rana ɗaya kin rushe katangar, a gaban baƙuwa."

Na ce, "To amma Anti, wannan ɗacin da kike sha fa?"

Ta ce, "Ɗacin kofi ɗaya ne, in na kurkure baki ya wuce. Shi wanda kika ba shi yau, da me zai kurkure?"

Ta tsayar da mai keke ta hau, ta bar ni tsaye a rana.

Abin da Anti ta ji tsoro shi ya faru. Kafin Lahadi ta zagayo, maganar ta gama coci. Ba wanda ya tare shi da ita, amma kun san yadda mutane suke: gaisuwar ta yi tsawo fiye da kima, ana dafa masa kafaɗa ana cewa "Allah na nan." Ya daina zuwa sujadar safe, ya koma wata majami'a can wajen Basawa inda ba a san shi ba. Ya daina zuwa cin abincin Lahadi. Burodin da ya saba ajiye mana duk ranar Asabar ya ɗauke. In na kira wayarsa ta yi ta ƙara har ta katse. Mama kuwa gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wata rana ina wanke-wanke na ji ta tana cewa, ba da ni take ba amma don in ji, "Na tura yarinya neman ilimi, ta dawo ta tuɓe wa yayanta wando a kasuwa."

Haka muka yi wata biyu da wani abu.

Ran nan da azahar ina ɗakin gwaji, na duƙufa a kan madubi, sai dattijon nan ya taɓa ni ya ce ina da baƙo. Ina ɗagowa na ga yayana a bakin ƙofa. Daga wurin aiki ya taho, garin fulawa a wandonsa, ƙaurin hayaƙi na tashi daga rigarsa. Ya rame. Bai amsa gaisuwata ba, ya ce, "Nuna mini."

Dattijon ya dube shi, ya dube ni, ya ce shi kam bari ya je ya duba ruwan ɓeraye. Ya fita ya ja mana ƙofa. Ruwan da ni da kaina na cika da safe.

Na jawo wa yayana kujera. Ya daɗe yana fama kafin ya iya gani, yana rufe ido ɗaya kamar mai harbin tsuntsu. Na fara sa masa gilashin lafiyayyen ɓera.

Ya ce, "Waɗannan jajayen fa?"

Na ce su ne masu reno, jan kuma RNA ne. Ya ce in yi masa Hausa. Na ɗan yi tunani, sannan na ce, "Yaya, a wurinku ba akwai littafin da maigida ya rubuta yadda ake haɗa kowane irin burodi ba?"

"Akwai. A ofis yake, ba ya fita."

"To masu kwaɓi ta yaya suke sanin awon?"

"Kullum da safe ana kwafo musu a 'yar takarda."

Na ce, "To 'yar takardar nan ita ce RNA. Littafin na can a kulle a cibiyar ƙwayar. In aka daina kwafowa, ga fulawa ga ma'aikata, amma aiki ya tsaya."

Ya gyaɗa kai. Na canza gilashi, na sa masa na ɓeran da ya sha zafi. Ya daɗe a kansa ƙwarai. Ina kallon hannunsa a kan tebur, duk tabon ƙuna. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "In ya zama haka, yana gyaruwa?"

Da sauri na ɗauko gilashi na uku, na waɗanda suka huta. Na ce, "Duba, Yaya! Yana dawowa. In aka raba su da zafin, komai yana dawowa."

Wannan ita ce katoɓarata ta biyu, kuma ta fi ta farko, don ta farko cikin fushi na yi ta, wannan kuwa cikin ƙauna. Ina son ya yafe mini, sai na ba shi abin da ba nawa ba ne in bayar. Na dai ce masa ya je asibiti, amma a ƙarshen magana na faɗa, da ƙaramar murya. Ya ce, "Bari in fara gwada wannan tukuna." Da zai tafi ya ajiye mini leda a kan tebur. Burodi ne, da sauran ɗuminsa.

A makon nan ya je ya sami maigidansa ya ce a ɗauke shi daga bakin tanderu. Bai faɗi dalili ba. Aka mayar da shi wajen lodi da rarraba burodi a shaguna. Mutumin da ake jira ya miƙa hannu ya ce a zuba, ya koma ɗaukar tire yana bin kanti-kanti, waɗanda ya koya wa aiki suna ba shi umarni. Ya daina sa matsattsen wando, ya daina wanka da ruwan zafi ko da sanyi ake. Ya dawo cin abincin Lahadi. Duk sanda muka haɗa ido sai ya ɗan ɗaga mini gira, kamar mu biyu muna da wani sirri mai daɗi. Ni ma har na fara tunanin sunan da za a sa wa yaro.

Wata shida, wata bakwai, shiru.

Anti ce ta samu ƙofar da ta daɗe tana nema. Ban san me ta ce masa ba, ba ta taɓa gaya mini ba, ni ma na koyi rashin tambaya. Na dai ji cewa sun je asibiti tare. Aka yi gwaji, aka sake yi, daga baya aka ɗan ciri nama aka duba.

Wata ranar Asabar da hantsi suka zo gida su biyu. Yayana ya ce wa Mama ta zauna, ya ce ni ma in zauna. Anti ta sami tabarma a ƙasa kusa da ƙafarsa.

Ya ce, "Mama, kin tuna hangum ɗin da na yi ina aji biyar na sakandare?"

Mama ta ce, "Ina zan manta? Kumatunka kamar an hura balan-balan. Ni na jiƙa gidan zanzaro na shafa maka, na ɗaure maka haɓa da ɗankwalina."

"To ba a kumatu kaɗai ya tsaya ba. Ya sauka ƙasa. Na kumbura, na yi kwanaki ko tafiya ba na iya yi sosai. Kunya ta hana ni gaya miki. Baba ba ya nan, wa zan nuna wa? Likita ya ce tun lokacin abin ya lalace. Ba za ni haihu ba, Mama. Ba laifin yarinyar nan ba ne, ko na kwana ɗaya."

Sannan ya juyo wajena. Ba da fushi ba, har da ɗan murmushi. "Dokta, ba wuta ba ce. Masu renon naki suna nan, likita ya ce ya gan su. Abin da za su rena ne babu."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Wata bakwai yana ɗaukar tire a kan maganata.

Mama ta fara magana ita kaɗai, a hankali: "Ina ɗaura maka ɗankwali a haɓa, ashe ciwon na wani wuri." Ta dubi Anti ta ce, "Ke kin sani?"

"Na yi zato, Mama."

"Kika yi ta shan abin da nake ba ki?"

Anti ta sunkuyar da kai.

Mahaifiyata mace ce mai ciwon gwiwa, ko a coci a zaune take addu'a. Amma ran nan na ga ta zamo daga kujera, ta dafa ƙasa, ta rarrafa har kan tabarmar da surukarta take. Ta kama hannayenta biyu ta ce, "'Yata, ki yafe mini. Na cuce ki ina ganin taimakonki nake yi."

Anti ta ce, "Mama, don Allah ki tashi, kada ki ɗora mini nauyi." Mama ta ƙi tashi. Suka rungume juna suna kuka. Yayana ya fita tsakar gida ya tsaya yana kallon bishiyar gwaiba, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina, na shiga kicin na ɗora ruwan da ba wanda ya ce in ɗora.

Daga baya Anti ta ba ni labarin cewa a hanyarsu ta komawa gida ya tsayar da babur a gefen titi, ya ce mata in tana son ta tafi ta sami haihuwa a wani wuri, ba zai riƙe ta ba, kuma shi da kansa zai yi wa iyayenta bayani. Ta ce masa, "Ranar da muka tsaya gaban fasto, ni ban ji inda ya ce sai in an haihu ba. Tayar da babur, rana na dukana."

Ya koma bakin tanderunsa a watan. Maigidan ma ya ji daɗi, don an ce tun da ya bar wurin burodin bai ƙara yin daidai ba.

Ni kuwa na yi makonni ba na iya kallon gilashin nan na biyu. Da na kai wa malamina rubutuna, ya ja jan biro a ƙarƙashin wani sakin layi inda na cika baki a kan abin da binciken zai yi wa maza marasa haihuwa. Ya ce, "Me kika gwada?" Na ce ɓeraye. Ya ce, "To rubuta abin da ɓeraye suka gaya miki, ki tsaya a nan." Bai san komai game da gidanmu ba. Na fita daga ofishinsa na zauna a ƙarƙashin wata dalbejiya na daɗe.

Yau shekaru sun tura. Na gama karatun, ina koyarwa, har yanzu ina aiki da madubi. Yayana da Anti suna nan a Jushi, ba su haihu ba. Ba zan ce muku abin ba ya yi musu ciwo ba. Akwai bukukuwan suna da Anti ke aika gudummawa amma ba ta zuwa, kuma duk mun san dalili. Sai dai gidansu ba gidan baƙin ciki ba ne. Da ƙafar Mama ta ƙi, ba wajena ta zaɓa ba, wajensu ta koma, kuma Anti ce ke gasa mata gwiwa da ruwan ɗumi.

Na sha juya abin a raina. In na ce na yi nadamar faɗa, na yi ƙarya, don mata da yawa suna shan wahala a kan abin da ba a ma duba ko daga wajensu yake ba, kuma gwajin namiji ya fi na mace sauƙi nesa ba kusa ba. In kuma na ce na yi daidai, nan ma na yi ƙarya. Na san abu kaɗan, na ɗauka na san duka. Na ga ciwon Anti, ban ga na yayana ba, alhali yana zaune a gabana yana wasa da makulli don ya rasa inda zai sa idonsa. Wataƙila shi ma ya daɗe yana zargin kansa, tun yana ɗan sakandare yake ɗauke da abin shi kaɗai.

Abin kunya, sai bara na iya ba shi haƙuri baki da baki. Na same shi a tsakar gidansa yana wanke babur, na tsuguna kusa da bokitin na ce, "Yaya, maganar nan da na yi a gidan Mama, ban taɓa ce maka ka yafe mini ba."

Ya ci gaba da goge ƙafar babur ɗin kamar bai ji ba. Can ya matse tsumman ya ce, "Da ba ki faɗa ba, da wataƙila har yau tana shan ɗaci saboda ni. Wannan kam na gode miki." Ya jefa tsumman cikin bokitin. "Amma da kin ja ni waje, ƙanwata. Da kin ce, Yaya zo ka ji."

Gaskiyarsa ne. Daga inda muke zaune ran nan zuwa bakin ƙofa, taku biyar ne.